Maigida yana shan sigari a ɗaki ni kuma ina da ciki, wai da gaske hayaƙin na ɗauke da dalma?

Amaryar Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin abun ku taimaka min da bayani dan wlh tun ranar awo hankalina bai kwanta ba. Ina da ciki wata biyar, na fari ne, muna zaune a Agege gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna ɗinnan, ɗaki ɗaya ne sai ɗan wajen girki a ƙofa, tagar ma ɗaya ce kuma bangon maƙwabta take kallo. Maigidana a mayankar Oko-Oba yake aiki, mutumin kirki ne bai rage ni da komai ba, abu ɗaya ne kawai sigari yake sha, da rana can wajen aiki yake shan abinsa ba ruwana amma da daddare in ya ci abinci sai ya kunna a ɗaki, wani lokacin har cikin dare in barci ya ƙi zuwa, in nayi magana yace ai ya buɗe taga ga kuma fanka tana aiki, in nace ya fita waje yace sauro ko kuma ruwa ake yi, kunsan ruwan Legas in ya fara.

Toh ranar awo nas ɗin da take mana lacca kafin a fara ganin mu tace duk wadda mijinta ke shan taba ta daina zama cikin hayaƙin, wai bayan nikotin akwai wasu ƙarafa masu guba a ciki, ta ambaci dalma da wani wai shi kadmiyam, tace suna shiga jini su taru kuma suna iya taɓa abinda ke ciki. Layi yayi tsawo ban samu na tambaye ta ba. Ni dai abinda na sani dalma ita ce ta kashe yara a Zamfara wajen haƙar zinare, toh me ya kawo ta cikin sigari kuma ta yaya ƙarfe zai tashi a hayaƙi, sannan ni da bana sha shaƙa kawai nake shima zai shiga jinina? akwai gwajin da ake yi a gani anan Legas, kuma in ya riga ya shiga akwai abinda zan sha ya wanke shi ko kuwa aikin gama ya gama tunda har an kai wata biyar. Dan Allah kar kowa ya zagi mijina shawara nazo nema.

Dan Mile 12:

Wa alaikumussalam. Baiwar Allah ki kwantar da hankalinki su wadannan ma'aikatan asibiti komai sai sun tsorata mutum dashi. Mu nan babanmu har Allah ya karbi ransa da tabarsa a hannu, a gabansa muka taso kuma duk gamu nan garau muna dauke buhun albasa. In kuwa hayaki ne ai duk wanda ke garin nan a cikinsa yake kwana yake tashi, ki tsaya Oshodi da yamma kiga abinda danfo (motocin bas na haya) da tirela ke fitarwa, ga janareto kowane gida in an dauke wuta, ga bolar Ojota in ta kama da wuta har Ketu ake shakarta, toh kara biyu na sigari me zai kara akan wannan. Kiyi ta addu'a kawai kar ki tada rigima da mijinki akan maganar nas.

Mai Lab:

Malama nas ɗin gaskiya ta faɗa miki, sai dai ta faɗa a gurguje ne shiyasa tsoron yafi bayanin yawa. Bari in ɗan yi tsawo ki yi haƙuri.

Ba wai a kamfani ake zuba ƙarfen ba, daga ƙasa yake fitowa. Shukar taba tana da wani hali na zuƙo kadmiyam daga ƙasar da aka shuka ta ta tara shi a ganye fiye da yadda yawancin amfanin gona ke yi, kuma takin zamani mai fosfet shima yana zuwa da nasa kadmiyam ɗin, haka nan ana samun dalma da asenik da nikel a ganyen. In aka kunna karan, bakin wutar yana kaiwa wajen digiri 900 lokacin da ake zuƙa, shi kuwa kadmiyam a digiri 767 yake tafasa ya zama tururi, kinga kenan wutar ta ishe shi ya tashi, sai ya bi hayaƙin a matsayin ƙura mai laushin da ido baya gani har ta kai can ƙarshen huhu. Abinda ke cikin kara ɗaya bai wuce maikurogiram 1 zuwa 2 ba, maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, mutum zai ce ai wannan ba komai bane. Matsalar guda biyu ce, na farko huhu yafi hanji karɓarsa nesa ba kusa ba, wanda ya shigo ta abinci wajen kashi 5 cikin 100 kawai jiki ke ɗauka amma wanda ya shigo ta numfashi yana iya kaiwa kashi 10 zuwa 50, na biyu kuma baya fita, yana zuwa ya zauna a ƙoda da hanta, kafin rabin abinda ya taru ya bar jiki sai an yi shekara 10 zuwa 30. Shiyasa in aka auna jinin masu shan sigari ake samun kadmiyam ɗinsu ya ninka na marasa sha sau 4 zuwa 5.

Yanzu ke da bakya sha. Hayaƙin da ke tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai a hannunsa bai bi ta audugar gindin sigarin ba, danye yake fitowa, kuma shi ne mafi yawan abinda ke cika ɗakin. Gsky abinda ke shiga jikin mai shaƙa bai kai na mai sha da kansa ba, da nisa ma, wannan kar a ɓoye miki, amma ɗaki ɗaya taga ɗaya kullum dare wata da watanni ba irin wanda ya wuce ta gefen mai shan taba a tasha bane. A Amurka an auna jinin yara da yawa aka ga waɗanda ke zaune gida ɗaya da masu shan taba dalmar jininsu tafi ta sauran yara.

Su biyun kuma ba hanya ɗaya suke bi ba in sun iso wajen jariri. Ita dalma mabiyiya bata tare ta, wucewa take kai tsaye ta cibiya, in aka auna jinin cibiya ranar haihuwa zaki ga ya kusa daidai da na uwar, kuma ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa ita tafi jin jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya tace babu wani adadi na dalma da aka san bashi da illa. Wani abin da mutane basu sani ba, sama da kashi 90 na dalmar da ke jikin babba a ƙashi take ɓoye, tana iya yin shekaru a can shiru, sai mace ta samu ciki jiki ya fara ɗebo kalsiyam daga ƙashinta dan gina na jariri, sai dalmar ta biyo shi ta dawo jini, wato wadda ta shiga jikinki tun kina yarinya ma tana iya tashi yanzu. Shi kuwa kadmiyam yawancinsa mabiyiya tana riƙe shi bata barinsa ya wuce, sai dai a nan ɗin ma ɓarna yake, kamar rariyar da tsaki ya toshe ce, ta tare dattin amma garin ma ya daina sauka yadda ya kamata, sinadarin zink da yaro ke buƙata dan girma sai ya ragu, ana danganta wannan da haihuwar jariri mara nauyi.

Maganar Zamfara kuma kar ki haɗa su. Abinda ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum dutse mai ɗauke da dalma ake niƙawa a cikin gidaje ana neman zinare, yara suna wasa cikin ƙurar, sama da yara 400 suka rasu, wannan guba ce mai yawa a lokaci ɗaya har da suma da jijjiga. Na sigari ba haka yake zuwa ba, kaɗan-kaɗan ne kuma ba zaki ga alama ba. Haka shima kadmiyam inda aka fi sanin mugun aikinsa a Japan ne, yankin Toyama, ruwan ma'adinai ya gurɓata kogin da ake noman shinkafa dashi, waɗanda suka fi kamuwa mata ne da suka yi haihuwa da yawa, ƙoda ta lalace ƙashi yayi ta karyewa, gwamnatinsu ta amince da musabbabin a 1968. Na kawo shi ne kawai dan kiga jikin mace mai haihuwa yafi saurin ɗaukar abun.

Ɗan uwa na Mile 12, maganarka ta hayaƙin gari gaskiya ce, har ma ka manta da masu ƙona wayar wuta da tsofaffin kayan lantarki dan cire jan ƙarfe da masu fasa batirin mota, duk dalma ce ke tashi. Amma ai wannan hujja ce a kanka ba taka ba, jiki tarawa yake baya cewa na ƙoshi, wadda ta wuni tana shaƙar na titi ita tafi buƙatar ɗakin kwananta ya zama fes. Danfo ba'a hannunta yake ba, ɗakin kuwa a hannunsu yake.

Anti Nas:

Ƙanwata sannu da ɗawainiya, Allah ya raba lafiya. Malam mai lab ya gama miki bayanin ƙarafan, ni ta ɓangaren ɗakin haihuwa zan zo miki, kuma a ganina ƙarafan nan ba su ne ma abin tsoro na farko ba, su a hankali suke aiki. Wanda ke aiki a daren da aka kunna sigarin shine iskar kabon monoksaid, irin wadda ke kashe mutane in sun kwana da janareto a kusa da ɗaki, tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, sai kuma nikotin da ke matse jijiyoyin jini har da waɗanda ke kai wa mahaifa, kinga yaro abincinsa da numfashinsa duk ta hanya ɗaya suke zuwa masa kuma ita ake ragewa. Matan da ke sha da kansu jariransu kan ragu da wajen giram 200 a matsakaici, masu shaƙa nasu bai kai haka ba amma akwai shi, ga kuma ƙarin haɗarin haihuwar bakwaini, mu duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ƙarami muke kiransa kuma shi yafi saurin kamuwa da sanyi da ciwo. Bayan haihuwa ma maganar bata ƙare ba, lokacin ne ma take farawa, jaririn da ke kwana cikin hayaƙi yafi shiga haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci, ga nimoniya ga ciwon kunne ga asma.

Aikin gama bai gama ba ko kaɗan. Mafi yawan nauyin da yaro ke yi a watanni ukun ƙarshe yake yinsa, kuma ita wannan iskar in aka daina shaƙarta cikin kwana ɗaya zuwa biyu take barin jini, dan haka duk ranar da hayaƙin ya bar ɗakin daga ranar aka fara cin riba.

Tambaya ɗaya zan miki ki bani amsa tsakani da Allah, maganin ƙarin jini da ake baku ranar awo kina sha kuwa ko yana ƙasan katifa? dan na san halinku, wata tace yana sa ta tashin zuciya, wata tace bayan gidanta yayi baƙi, wata kuma kishiya ko uwar miji ce tace mata yana sa yaro yayi ƙato a kasa haihuwa sai an yi aiki, wannan ta ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta. Dalilin da yasa na kawo shi nan, ƙofar da sinadarin ayon ke bi ya shiga jini daga hanji ita ce dai kadmiyam da dalma ke bi, in jiki yana cikin ƙarancin ayon sai ya wangale ƙofar, duk abinda yazo ya shige, dan haka mai ciki mai ƙarancin jini tafi ɗaukar gubar akan wadda jininta ya cika ko da abinci ɗaya suke ci gida ɗaya suke kwana. Abinda ake so kullum ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400, shine ke cikin 'yan ƙwayoyin nan da kuke rainawa. Kar ki kora shi da shayi, shayi yana hana shi shiga jiki, ki bada tazarar awa biyu, in da lemon zaƙi ki sha dashi. Sannan kalsiyam, kindirmo, madara, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, zogale, riɗi, in jiki ya samu a abinci baya matsa wa ƙashi balle dalmar da malam ya faɗa ta fito da yawa, in an rubuta miki na ƙwaya kar ki haɗa shi lokaci ɗaya da na ƙarin jini. Ke da mijinki ke mayanka ai nama bai kamata ya gagare ki ba, amma hanta da ƙoda kar ki maida su abincin kullum.

Kuma tunda maganar dalma ake, ni abinda yafi damuna a matanmu ba sigari kaɗai bane, kwalli ne, na dutse mai ƙyalli ɗinnan da ake niƙawa, wanda Yarbawa ke cewa tiro, mafi yawansa dutsen dalma ne zalla. A 2011 a garin Boston na Amurka an samu wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma a jini, da aka bi diddigi kwallin da ake sa masa ne, aka auna aka samu sama da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Ba ta idon take shiga sosai ba, yaro ne ke murza ido ya kai hannu baki. Sai farar ƙasa da masu ciki ke kwaɗayi, wadda ake sayarwa ƙulli-ƙulli a kasuwa, hukumomin abinci a Amurka da Ingila sun yi gargaɗi akanta saboda dalma da asenik. Sai man bilicin da wasu ke ɗauke da zaiba. In kina taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ki ajiye.

Hajiyar Alaba Rago:

'Yata ki samu madara ta ruwa ki dinga sha safe da yamma tana wanke duk wani dattin hayaƙi, ki haɗa da zuma da habbatussauda, akwai kuma masu agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa, suna da na wankin ciki. In ya gama shan abin nasa ki sa turaren wuta mai kyau ki turara ɗakin da labule shikenan warin ya tafi. Allah ya sauke ki lafiya.

Anti Nas:

Hajiya Allah ya ƙara girma, madarar na yarda ta sha amma dan kalsiyam ɗin da ke ciki, ba wanki take yi ba, abinda ya zauna a ƙoda da ƙashi babu abin sha da ke kankare shi. Agbo da duk wani jiƙo na wankin ciki kuwa dan Allah a'a, mai ciki wata biyar ba'a san me aka jiƙa ba ba'a san yawansa ba, wasu ma nakuda suke tayarwa. Turaren wuta kuma gawayi ne da hayaƙi akan hayaƙi a ɗaki mai taga ɗaya, warin kawai yake rufewa.

Amaryar Agege:

Kai jama'a nagode Allah ya saka da alkhairi, wlh na samu nutsuwa. Anti maganin ina sha amma da shayin safe nake korawa, zan canza. Kwalli kuwa irin na dutsen ne dani, Inna ce ta aiko min dashi daga gida har da wanda za'a sa wa jariri, farar ƙasa bana ci. Na karanta wa maigida bayanin malam mai lab yayi shiru, daga baya yace toh in ya dinga tsayawa a bakin ƙofa yana hura hayaƙin waje fa, ko kuma ya koma shisha tunda abokinsa yace ita ruwa ne ke tace ta. Sannan maganar gwajin har yanzu ba wanda ya amsa min.

Tsohon Direba Apapa:

Malama ni na sha sigari shekaru ina jan tirela tsakanin Apapa da Kano kafin Allah ya yaye min, dan haka bari in gaya miki yadda kan mai sha yake aiki. Shirun da yayi alama ce mai kyau, maganar ta shige shi, amma kar ki ce masa ya daina gaba ɗaya yanzu, in kika haɗa masa biyu zai ajiye miki duka, abu ɗaya zaki roƙa, kar a kunna a cikin ɗaki, shikenan. Mai shan taba baya jin warin kansa, shi a ganinsa in ya buɗe taga ya gama adalci, bai san fanka juya hayaƙin kawai take tana raba wa kowa ba. Bakin ƙofa kuma ba waje bane, a irin gidajen nan namu iskar lungun tsakiya cikin ɗakuna take komawa, naki da na maƙwabta masu yara, ya fita ƙofar gida can bakin titi ko wajen mai shayi, in ruwa ake ya tsaya ƙarƙashin rumfa ai a mayanka ma ruwa baya hana shi aiki.

Kuma in ya dawo ya wanke hannu da baki ya cire rigar ya rataye ta waje, dan abun yana maƙalewa a tufafi da labule da katifa ya daɗe yana fita a hankali. Ki wanke labulen da zannuwan gado, a fitar da katifa ta sha rana, a goge bango da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kar a share a bushe ƙura ta tashi, tokar da guntayen kuma shi zai kwashe ba ke ba.

Kar ki yi masa maganar gaban abokansa ko lokacin da ya dawo a gajiye yana neman karan, ki bari ya ci ya huta. In akwai babban wansa ko limamin da yake jin nauyi a Agege a sa shi ya yi masa, amma ba a matsayin ƙara ba. Ranar awo ki lallaɓa shi ya raka ki a sa masa abin jin bugun zuciyar yaron, namiji in yaji wannan da kunnensa ba sai an yi masa wa'azi ba. Dokar ma tana gefenki in ana maganar doka, jihar Legas ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a tun 2014 zamanin Fashola, ta tarayya kuma ta zo a 2015 har ta hana sayar da sigari kara-kara, duk da kowa na gani a kan teburin kowane lungu ana sayarwa, amma dai ɗakin aure ba ɗan sanda ne zai gyara shi ba.

Mai Lab:

Shisha kar ma ya fara, gara jiya da yau. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi ya sa a iya zuƙa da yawa, baya cire ƙarfe baya cire iskar da Anti ta faɗa, kuma an ƙara gawayi a kai wanda shi kansa yana fitar da kabon monoksaid da nasa ƙarafan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005 tace zama ɗaya na awa guda mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100 ko fiye, ki ƙiyasta wannan a ɗaki ɗaya.

Gwaji akwai. Dalma a jini ake aunata, kadmiyam kuma na jini yana nuna abinda ya shiga a 'yan watannin nan, na fitsari yana nuna wanda ya taru tsawon shekaru, akwai kuma wani da ake cewa kotinin, shine abinda nikotin ke komawa a jiki, ana ganinsa a fitsari ko yawu kuma shi yafi nuna ko mutum yana shaƙar hayaƙin wasu a 'yan kwanakin nan. Sai dai ba kowane lab na unguwa ke da na'urar auna ƙarafa ba, sai manyan asibitocin koyarwa da manyan lab masu zaman kansu, wasu ma tura jinin suke wani wuri, kuma da tsada. Ni a nawa ganin in dan sigarin ne kaɗai kar ki kashe kuɗinki, ko sakamakon ya fito sama ko ƙasa maganin dai ɗaya ne, a fitar da hayaƙin a gyara jini, dan allurai da ƙwayoyin da ke janye dalma daga jiki sai ta yi yawa sosai ake bada su kuma a asibiti ƙarƙashin kulawar likita, shi kadmiyam ma ba'a janye shi da su. Kuɗin ki sayi kifi da kindirmo.

Amma maganar kwallin nan ta canza lissafi, in kin daɗe kina sa na dutsen, ko kina zaune kusa da masu fasa batir ko ƙona waya, ko a gida can kun taɓa zama inda ake niƙa dutsen zinare, toh gwajin dalma ya cancanta, ki gaya wa likitan da ke duba ki shi zai rubuta ya kuma faɗa miki inda ake yi. Daga maikurogiram 5 a kowane desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) na jini ake fara neman inda take shigowa a toshe, a kuma ƙara wa mai ciki kalsiyam, sannan a sa ido akan hawan jini dan dalma tana taimaka masa. In za'a ɗiba ki ce a jijiyar hannu ake so ba tsinin yatsa ba, dan ƙurar da ke kan fata tana iya sa sakamakon ya hau na ƙarya, kuma ki wanke hannu sosai kafin nan tunda da shi kike sa kwallin. Wanda Inna ta aiko dan jariri ki ɗaure shi a leda ki ajiye inda yaran gidan ba zasu kai ba, ki tafi dashi ranar awo ki nuna wa nas ɗin da tayi muku laccar.